Harshen Asembili da Injin Wasa: Daga Rubutawa Zuwa Karantawa

Duk matashin da ya ƙudiri gina injin wasan kwamfuta, ba ya daɗewa sai ya faɗa cikin tsohuwar gardamar masu wannan sana'a tamu: shin dole ne sai ya koyi harshen asembili? Asembili shi ne harshen da ya fi kusa da ƙwaƙwalwar kwamfuta, inda kowane layi yake ba ta umarni guda: ɗauko wannan lamba, haɗa ta da waccan, ajiye a can. Tarihin sana'ar ya riga ya yanke hukunci, sai dai kowane ɓangare rabin hukuncin yake ji. Da can da asembili ake rubuta wasa. Yau karanta shi ake yi, kuma wanda bai iya karatun ba makaho ne a cikin injin da ya gina da hannunsa.

Mutanen farko ba don burga suka riƙe shi ba, tilas ce. Na'urar Atari 2600 da ta fito a 1977 bayit 128 kacal ne ma'adanarta, ba ta ma da wurin ajiye hoton allo ɗaya. Dole mai rubutu ya shirya kowane layin hoto daidai lokacin da hasken talabijin yake wucewa ta kansa, cikin bugu 76 na agogon na'urar. In ya makara da bugu kaɗan, hoto ya karkace. Super Mario Bros. na Nintendo, wanda ya fito a 1985, kilobayit 40 ne gaba ɗayansa, har ta kai gajimaren sama da ciyayin ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. A irin wannan ƙunci, babu manhajar tafinta, wato kwamfaila, da za a amince wa ta fassara harshe mai sauƙi zuwa na inji ba tare da ta yi almubazzaranci ba.

Juyin ya zo ne daga kamfanin id Software na Amurka. Doom na 1993 da harshen C John Carmack ya rubuta mafi yawansa, aka bar wa asembili 'yan gajerun sassan da suke zana ɗigon hoto, waɗanda ake maimaitawa sau dubbai kafin allo ɗaya ya cika. A Quake na 1996 aka kai wannan dabara ƙarshenta, bayan Michael Abrash ya shigo aikin. Kafin zanen bango ya zauna daidai da nisansa, sai an yi lissafin rabawa, wanda yake da tsada ƙwarai. Abrash ya san cewa ƙwaƙwalwar Pentium tana iya ci gaba da wani aiki yayin da sashen lissafinta yake fama da rabawar, sai aka tsara a yi rabawa sau ɗaya a kowane ɗigo 16, ana zana waɗannan ɗigo alhali rabawa ta gaba tana gudana. Kusan kyauta aka samu lissafin. Masu kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Cyrix su suka ɗanɗana kuɗarsu, domin wasan ya yi musu nauyi. Abin lura shi ne, ribar daga sanin halin na'ura ta fito. Asembili hanya ce kawai ta cin wannan riba.

Masu kare tsohuwar hanya suna da hujja guda mai ƙarfi, ita ce Chris Sawyer ɗan Sikotilan. RollerCoaster Tycoon da ya fitar a 1999 kusan kashi 99 cikin ɗari asembili ne, ya kuma iya tafiyar da dubban baƙi a filin wasa a kan kwamfutar gida ta wancan zamani ba tare da tangarɗa ba. Babu mai musun gwanintar. Amma a duba abin da ya biyo baya. Da aka saki rubutun Doom a 1997, mutane suka ɗora shi a kan kusan duk abin da yake da allo, saboda C ba ruwansa da irin ƙwaƙwalwar da ke ƙasa. Aikin Sawyer kuwa ɗaure yake da ƙwaƙwalwar Intel. Kafin ya hau wayar salula a 2016, sai da aka sake rubuta shi da C++. Kuma abin da mutum ɗaya zai riƙe a kansa, ba zai yiwu a raba wa ma'aikata ɗari ba. Asembili kamar ɗinkin tela ne da aka auna a jikin mutum guda: ya zauna cif, amma ba ya aruwa.

A na'urorin wasa na falo ya ƙara ɗan kwana. Sassan lissafi na PlayStation 2 ta 2000 da hannu ake jera musu umarni bibbiyu, sannan ƙananan ƙwaƙwalen PlayStation 3 ta 2006, masu kilobayit 256 kowacce, sun wahalar da masana'antu da dama. Daga 2013, da Sony da Microsoft suka koma ƙwaƙwalwa irin ta kwamfutar tebur, wannan babi ya rufe. Zanen ɗigo, wanda shi ne gonar asembili, tuni katin hoto ya karɓe shi. Kwamfailar Microsoft ta bit 64 ma ba ta yarda a cusa asembili a tsakiyar rubutun C++ ba.

To, in haka ne, me ya rage a koya? Nan masu cewa ba a buƙatar asembili suke kuskure. Wasan da yake nuna hoto 60 a daƙiƙa yana da kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ne ya gama komai: motsi, sauti, karo, zane. Idan ya wuce, ɗan wasa zai ga tsinkewa. Mai neman inda lokacin ya zube dole ya buɗe abin da kwamfaila ta haifar, ya ga ko ta yi amfani da umarnin da ke lissafa lambobi huɗu a bugu ɗaya, ko ta koma ɗai-ɗai saboda wani ɗan sakaci a rubutunsa. Haka idan wasa ya mutu a hannun mai saye, rahoton da ke dawowa sau da yawa jerin umarnin inji ne da lambobin rijista. Mike Acton, wanda a lokacin yake kamfanin Insomniac, a jawabinsa na taron CppCon a 2014, ya nuna cewa mafi yawan jinkiri daga jiran ma'adana yake fitowa, abin da kwamfaila ba za ta gyara wa kowa ba. Tsarin bayanai aikin mai rubutu ne. Shi ya sa Compiler Explorer, wanda Matt Godbolt ya fara a 2012, ya zama kayan aikin yau da kullum: ka rubuta C++ a hagu, ka ga asembilinsa a dama.

Ga mai son wasansa ya yi aiki a kan Tecno ko Itel mai araha, irin waɗanda suka cika kasuwar Farm Centre ta Kano, ƙuncin da ake zaton ya wuce yana nan, kuma ƙwaƙwalwar waɗannan wayoyi ARM ce, kamar ta Nintendo Switch. Saboda haka ka fara da C ko C++, ka ɗan taɓa asembilin tsohuwar ƙwaƙwalwar 6502 don umarninsa kaɗan ne, sannan ka koyi karanta na ARM da na x86, wato irin ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur. Injin kuwa, kada ka rubuta shi da asembili.