Tuna Baya: Papa Ajasco da Yaran Gidanmu a Ikko

Kwanakin baya ina zaune a rumfar Baba a kasuwar Mile 12 muna jiran motar albasa daga Aliero, sai na ji wani yaro yana kallon wani abu a waya, kwatsam na ji an ce "Ojigbijigbi!" Wallahi ban san lokacin da na fashe da dariya ba. Wannan kalma ta Papa Ajasco ce, kuma ita ta mayar da ni shekarun da nake firamare, shi ya sa na ga ya dace in ɗan taɓo tarihin wasan nan.

Ga wanda bai sani ba, Papa Ajasco a takarda aka haife shi kafin ya shiga talabijin. Wani mai zanen barkwanci, Wale Adenuga, wanda ya yi karatu a Jami'ar Legas, shi ya kafa mujallar Ikebe Super a 1976, a cikinta ne mutane suka fara ganin wannan dattijo mai sanƙo da tumbi. A farkon shekarun 1980 ya mayar da labarin fim na sinima. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a ƙarshen shekarun 1980, takarda ta yi tsada, mujallu suka fara mutuwa, sai ya karkata ga talabijin. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara nuna Papa Ajasco and Company, sannan a 2001 kamfaninsa ya fito da Super Story. Wato dai wasan ya girme ni, na tarar da shi ne yana tashe.

Gidan da muka tashi a Ketu irin gidan hayar nan ne mai ɗakuna suna kallon juna, kowa da ɗakinsa, banɗaki ɗaya. Mu kaɗai ne Hausawa. Akwai Yarbawa, akwai Inyamurai, akwai wani tela mutumin Edo. Talabijin kuwa ɗaya ce mai kyau, a ɗakin wata Bayarabiya mai sayar da tumatir, wadda duk yaran gidan muke kira Mama. Ranar da za a yi wasan, tun da magariba muke addu'ar kada NEPA su ɗauke wuta. In an idar da sallah sai mu yi layi a ƙasa a kan leda, manya a kan benci, wasu ta taga.

To su wa muke kallo? Akwai shi gogan, Papa Ajasco, wanda Abiodun Ayoyinka ya fi shahara da fitowa a matsayinsa: ga ɗaurin zani, ga tabarau, ga son 'yan mata, in abu ya ba shi mamaki sai ya dafe sanƙonsa. Kullum yana ƙulla dabarar da za ta ƙare a kansa, kullum Mama Ajasco tana kama shi. Akwai ɗansu Bobo Ajasco. Akwai Boy Alinco, wanda Bayo Bankole ya yi suna da shi, ɗan gaye mai ɗangalallen wando da wata irin tafiya da babu yaron da bai kwaikwaya ba a unguwarmu, har ni na sha bulala a makarantar allo saboda ita. Akwai Miss Pepeiye mai son abin duniya. Amma ni gwanina Pa James ne, wato Kayode Olasehinde, tsohon da ba ya fahimtar komai daidai, a aike shi gabas ya nufi yamma, kuma ya dawo yana ganin shi ne mai gaskiya.

Akwai lokacin da muka wayi gari muka ga fuskar Papa ta canza. Femi Ogunrombi ne ya karɓi matsayin na wasu shekaru kafin Ayoyinka ya dawo. Ranar an yi musu a gidanmu kamar za a ba hammata iska, wasu na cewa sabon ya iya, wasu na cewa sam. Ogunrombi ya rasu a Janairun 2023.

Baba da farko ba ya son muna zuwa. Yakan ce wasan dattijon da ba ya jin kunya ba abin kallon yara ba ne, kuma ba zan ce bai da hujja ba. A cewarsa wasa shi ne Samanja Mazan Fama, na Usman Baba Pategi, tsohon soja Banufe da ke barkwanci da Hausar bariki a gidan talabijin na Kaduna. Sai wata rana Mama ta ce ai ita ma ta san Samanja, ta kalle shi a NTA tana budurwa, har ta gwada yadda yake ƙamewa. Baba ya yi dariya har da hawaye. Daga ranar bai sake hana mu ba, wani lokaci ma yakan tsaya a bakin ƙofa wai yana jiran mu, alhali kallo yake. Shi ma Samanja Allah ya yi masa rasuwa a Nuwamban 2023, Allah ya jiƙansa.

Abin da ya sa wasan nan ya zauna mini a rai ya wuce dariya. Da Turancin buroka ake yawancinsa, harshen da babu mai cewa na ubansa ne, don haka duk wanda ke ɗakin nan daidai yake da kowa. A nan na koyi buroka da nake ciniki da ita yau. A waje ana iya kirana "aboki" da wata irin murya, amma a ɗakin Mama sunana ake kira.

A watan Maris na 2016 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da Yarbawa a yankin Mile 12, aka rasa rayuka, gwamnatin Legas ta rufe kasuwar na ɗan lokaci. Ina sakandare a lokacin. Da labari ya iso gidanmu, Mama ce ta zo ta kwashe mu, ni da Inna da ƙannena, ta kulle mu a ɗakinta kwana biyu, ɗanta na fari yana zaune a bakin ƙofa. A kan ledar da muke kallon Pa James muka kwana. Ba na cewa wasan kwaikwayo ne ya cece mu, Allah ne ya tsare, sannan halin kirkin matar nan. Amma na yi imani shekarun da muka yi muna dariya tare sun taimaka, domin da wuya ka bari a taɓa yaron da ya girma a gaban idonka.

Yanzu kowa da wayarsa, kowa na dariyarsa shi kaɗai. Ƙanina yana da abin kallo fiye da yadda muka taɓa samu, amma bai san sunan yaran ɗakin da ke kallon namu ba. Wannan yana damuna, domin mu mazauna kudu maƙwabci shi ne danginmu na kusa.

Mama ta koma garinsu, ta tsufa. Da sallar da ta wuce na kira ta, tana jin muryata ta tambaya ko har yanzu ina tafiyar Boy Alinco. Na ce mata Baba ya hana. Allah ya saka mata da alheri, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, amin.