Wa ke zaɓen injiniya da likitan dabbobi? Tarihin kwangilar komin a Burkina Faso

Duk kara da kuka gani, ko shingen allurar shanu, ko rijiyar burtsatse a bakin burtali, kafin birkila ya ɗora bulo sai da wani ya auna filin, wani ya zana, wani ya ce ga inda ruwa yake. Irin wannan aikin ƙwararru shi ma kwangila ne, da kuɗin tikitin da kuke biya a kasuwa ake biyansa. To yaya aka yi har ma'aikatar magajin gari ta samu ikon ba da shi?

A zamanin fatake, lokacin da Hausawa ke ya da zango a Wagadugu kan hanyarsu ta zuwa Gonja sayen goro, babu takarda. Madugu zai nemi jagora, mai masauki ya nemo dillali, amana da shaidar mutane su ne jingina. Da Faransa ta kafa mulkinta, kumandan ne ke yanke komai, hanyoyi da gine-gine kuwa da aikin tilas aka yi su, har zuwa 1946 da dokar Houphouët-Boigny ta soke shi. Bayan samun 'yanci a 1960 injiniya da likitan dabbobi ma'aikatan gwamnati ne, albashi suke ɗauka. Dattawan makiyaya za su tuna babbar allurar ciwon bushiya da aka fara a 1962: ma'aikata ne suka bi ruga-ruga. A zamanin Thomas Sankara kuma, daga 1983 zuwa 1987, an fi dogara da aikin gayya.

Canjin ya zo ne a 1991, da ƙasar ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da IMF. Gwamnati ta rage hannunta a ayyuka da yawa. Aka kafa hukumar Faso Baara, ƙawar Nigetip ta Nijar, wadda ke karɓar aiki a madadin gwamnati ko gari, ta ɗauko masu zane da 'yan kwangila masu zaman kansu. Likitocin dabbobi su ma aka buɗe musu ƙofa su kafa nasu, gwamnati na ba wasunsu izinin yin allurar rigakafi a yanki kaza da sunanta. Daga nan makiyayi ya fara sa hannu a aljihu fiye da da.

Su kuwa komin, a 1995 aka yi zaɓen farko a garuruwa 33, Simon Compaoré ya zama magajin garin Wagadugu, ya riƙe har 2012. Dokar ƙananan hukumomi ta fito a 2004, sannan a 2006 aka raba ƙasar duka zuwa komin 351, daga ciki 302 na karkara. Kun ga ke nan magajin garin ƙauye, wanda wata ƙila ofishinsa ɗaki biyu ne, ya wayi gari shi zai nemo mai binciken ƙasa da mai sa ido kan gini.

Mu 'yan Zango mun san nauyin alƙalamin mai zane. Shirin ZACA na gwamnatin ƙasa, wanda aka sanar a farkon shekarun 2000, a takarda ya fara. A 2003 aka rushe Zangwetin, tsohuwar unguwar Hausawa, tare da maƙwabtanta irin su Tiedpalogo da Peuloghin, aka kai mutane Ouaga 2000 da Nioko. A wannan shekarar dai gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Kusan shekara shida 'yan kasuwa na warwatse, suna jiran bincike, da zane, da kuɗi, da gini.

Dokokin da ake bi yau daga ƙungiyar UEMOA suka samo asali. A watan Disamba na 2005 ta fitar da ƙa'idoji ga ƙasashenta takwas, ciki har da Burkina, Nijar, Benin da Togo. Burkina ta kafa hukumar sa ido ARMP a 2007, daga baya ta koma ARCOP. A 2007 ɗin ne ita ma Najeriya ta yi tata dokar.

Ga yadda abin yake a takarda. Sayen siminti ana duba wanda ya fi araha in kayansa sun cika sharaɗi. Aikin ƙwararru kuwa sai komin ta yi shela cewa duk kamfanin da ke so ya nuna kansa, a buga a jaridar kwangilolin gwamnati. Kwamiti ya tace 'yan kaɗan. Kowannensu ya kawo ambulan biyu, ɗaya na ƙwarewa da tsarin aiki, ɗaya na farashi. Na ƙwarewa ake fara buɗewa a ba da maki, wanda bai kai ba ko ambulan kuɗinsa ba za a taɓa ba. Dalili a fili yake: mai binciken ruwa mai araha in ya kuskure wuri, kuɗin haƙa duka sun tafi, kuma arha ba ta ado. Wanda yake ganin an zalunce shi yana iya kai ƙara ARCOP, amma cikin 'yan kwanaki kaɗan. Akwai kuma ƙofar ba da kwangila kai tsaye ba tare da takara ba, wadda doka ta tanada don gaggawa da makamantanta, kuma ita ce masu yaƙi da cin hanci irin su REN-LAC suka fi sa wa ido.

A farkon 2022 aka rushe majalisun komin, aka naɗa kwamitocin riƙo. Kwangila dai ba ta tsaya ba. Saboda haka ƙungiyoyin makiyaya da na 'yan kasuwa, in kun ji za a gina kara ko mashaya, ku je tun lokacin zane. Ku tambayi wane kamfani aka ba, wa zai sa ido kan ginin, kuma a nuna muku inda ƙofa da wurin loda mota za su kasance. Injiniya ya san lissafin ƙarfe, amma ku kuka san ta inda garke ke shigowa da damina. Gyara a takarda ba ya cin ko dala, in an zuba kankare kuwa sai haƙuri.

Allah ya tsare dukiya, ya sa a yi ciniki lafiya.