Gidauniyar Apache da ɗakin ajiyar tsofaffin manhajoji

Ɗalibin da ke Kuta, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna, idan ya latsa waya yana neman wata kalma a Wikipedia ta Hausa, da wuya ya san cewa injin da ke zaƙulo masa amsa a kan Lucene aka gina shi. Doug Cutting ne ya rubuta wannan manhajar bincike a 1999, ya sake ta kyauta, a 2001 kuma ta koma hannun Gidauniyar Apache.

Ita kanta gidauniyar daga marainiyar manhaja ta samo asali. A 1994 Rob McCool ya bar cibiyar NCSA ta Jami'ar Ilinoyis a Amurka, ya tafi ya bar manhajar da shafukan intanet masu yawa suka dogara da ita ba mai kula. Kowa sai ya riƙa yi mata faci a gefensa. A 1995 mutum takwas, ciki har da Brian Behlendorf, suka tattara facin wuri ɗaya, suka fitar da ita da sunan Apache. Zuwa 1996 ta shige gaban duk takwarorinta. A 1999 mutum 21 suka yi wa ƙungiyar rajista a matsayin gidauniyar da ba ta neman riba, don a samu inda za a zuba gudummawa, kada kuma a maka ɗan sa-kai a kotu shi kaɗai.

Daga nan gida ya cika. Solr, wadda Yonik Seeley ya gina a kan Lucene a kamfanin CNET, ta shigo a 2006, manhajar Hadoop ma a shekarar ta fara cin gashin kanta. Ayyuka suka kai ɗaruruwa.

To, amma ɗan sa-kai ba a ɗaure yake ba. Wani ya yi aure, wani ya samu aiki mai cin lokaci, wani kawai ya gaji da amsa ƙorafin mutanen da ko na gode ba su taɓa cewa ba. Dokar gidan kuwa ita ce, ba a fitar da sabon zubi sai mutum uku na kwamitin aikin sun amince, kuma duk wata uku sai an kai rahoto ga hukumar gudanarwa. Ran da aka kasa haɗa ukun nan, magana ta ƙare.

Shi ya sa a 2008 aka buɗe sashen da ake kira Attic, wato ɗakin ajiyar tsofaffin manhajoji. A ganina, a nan ne gidauniyar ta nuna ta san inda ta fito. Idan aiki ya rasa masu kula da shi, hukuma za ta rushe kwamitin, a kulle rubutun manhajar yadda za a iya karantawa da kwafa amma ba a ƙara komai, a manna sanarwa ɓaro-ɓaro cewa an daina kula da ita. Ba a goge ko layi ɗaya. Mai amfani da ita ya san matsayinsa, ya nemi wata tun kafin ɓarayin intanet su gano ƙofar da ba mai gadi.

Shiga ɗakin ma ba lallai ya zama ajali ba. Da manhajar iBATIS ta shiga a 2010, masu ita sun riga sun kwashi rubutun sun ci gaba a waje da sunan MyBatis, har yau ana aiki da ita. Lucy kuwa, ƙanwar Lucene da aka rubuta da harshen C, tun 2018 take can.