Ma'aunin Sabon Kiɗa: Waiwaye a Kan Kaset ɗin Mamman Sani na 1978

1.0 Gabatarwa

Manazarta waƙar baka ta Hausa sun daɗe da shimfiɗa ma'aunin da ake auna makaɗi da shi. Hanyar da Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993) ta tanadi a dubi salsalar waƙa da turkenta da salonta, kuma galibin waɗannan a kan kalma suka dogara. To, da me za a auna aikin da ya zo da kiɗa zalla, da kayan kiɗan da ba a gada ba? Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin wani kaset domin neman amsa.

2.0 Kaset ɗin Yamai

A shekarun 1970 Mamman Sani, wani ma'aikacin UNESCO a Jamhuriyar Nijar, ya sayi ogan ƙirar Italiya mai suna Orla, wato kayan kiɗan lantarki mai kama da fiyano, daga hannun wani ɗan ƙasar Ruwanda. Da shi ya riƙa sarrafa karin waƙoƙin makiyaya, musamman na Woɗaaɓe da na Abzinawa. A 1978 ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, aka buga kwafi 100 kacal.

Idan kasuwa ce alƙali, wannan aiki ya faɗi tun ranar fitowarsa. Babu 'yan amshi a cikinsa, babu zuga, babu ubangidan da aka wasa. Sai dai gidajen rediyo da talabijin na Nijar sun mayar da kiɗan abin cike gibi tsakanin shirye-shirye, har kunnen jama'a ya saba da shi, alhali da yawansu ba su san mai shi ba. Bayan shekara 35, wato a 2013, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a faifai da sunan La Musique Électronique du Niger, aka kuma fara gayyatar makaɗin zuwa Turai.

3.0 Kwatanci da Kano

Wani gwaji makamancin wannan ya auku a Kano a shekarun 1990, lokacin da masu kiɗan finafinai suka rungumi fiyanon Yamaha suna kwaikwayon amon kayan kiɗan gargajiya da shi. Waƙar fim ɗin Sangaya (1999) ta karɓu nan take, duk da sukar masu ganin kiɗan fiyano baƙo ne. Bambancin shi ne, a Kano sabon amo ya shigo ne a goye da kalma, ga baiti ga amshi, don haka mai sauraro ya sami abin riƙewa. Kiɗan Yamai kuwa ya fito shi kaɗai.

4.0 Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa baƙuntar kayan kiɗa ba ita ke yanke wa aiki hukunci ba, haka ma yawan kwafin da aka sayar. Abin dubawa shi ne ko makaɗi ya sa baƙon abu ya yi magana da karin da jama'arsa suka sani, kuma ko kunne ya riƙe shi bayan ɗokin sabunta ya wuce. Ta wannan fuska Mamman Sani ya ci nasara, sai dai a makare. Saura aikin manazarta, domin muddin ma'auninsu bai wuce kalma ba, ire-iren wannan kaset za su ci gaba da jiran baƙi su zo su faɗi darajarsu.