Baki da Gidan Yari a Tarihin Kaduna

A Kakuri aka haife ni, ƙetaren kogi ta kudu, a lokacin da masaƙun Kaduna suke numfashinsu na ƙarshe. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne, kuma a gidan hayar da muka zauna akwai Bahaushe, da Bajju, da Tibi, da Banufe, famfo ɗaya muke bi layi. Ranar Litinin 21 ga Fabrairu, 2000, ina aji huɗu na firamare, aka yi jerin gwano kan batun kafa shari'ar Musulunci a jiha, kafin azahar hayaƙi ya rufe gari. Wani maƙwabcinmu Kirista, wanda muke kira Baba, shi ya kulle mu a ɗakinsa kwana biyu. Da ƙura ta lafa muka ɗaure kaya muka haye gada zuwa Tudun Wada, a hanya muna gamuwa da waɗanda suka ɗauro nasu daga Rigasa za su Sabon Tasha da Narayi. An ƙiyasta mutum wajen 2,000 suka halaka tsakanin rikicin Fabrairu da na Mayu. Tun daga ranar kogin Kaduna ya zama iyaka.

Na kawo wannan ne domin kada mai karatu ya zaci ban san abin da baki yake jawowa ba. A muhawarar da ƙungiyarmu ta yi kwanan baya, wani ɗan'uwa ya tashi ya ce duk wanda ya rubuta kalaman ƙiyayya a Facebook a jefa shi kurkuku kawai, ɗaki kuwa ya ɗauki tafi. Ni ma na kusa tafawa. Abin da ya riƙe hannuna shi ne tambayar da tarihi yake tilasta mana: a garin nan, su wa aka taɓa ɗaurewa saboda magana, su wa kuma aka ƙyale?

Lalle magana ta sha kunna wuta a nan tun ba a san wayar hannu ba. A watan Maris na 1987, wani wa'azi da aka yi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya haddasa faɗa tsakanin ɗalibai, cikin 'yan kwanaki wutar ta iso Kaduna, da Zariya, da Funtuwa, da Katsina. Ranar 16 ga Nuwamba, 2002, jaridar ThisDay ta buga rubutun Isioma Daniel kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, wanda ya taɓa mutuncin Manzon Allah (SAW). Aka ƙona ofishin jaridar a Kaduna, sa'an nan aka shiga kashe-kashe, fiye da mutum 200 suka tafi, galibinsu ba su ma taɓa ganin jaridar da idonsu ba. Da waya ta shiga hannun kowa abin sai ya ƙara sauri. A Oktoban 2018, bayan an kashe mutum 55 a Kasuwan Magani, jita-jita ce ta biyo wayoyi ta shigo birni, aka soma tare hanya ana sara, har gwamnati ta kafa dokar hana fita dare da rana. Wanda ya ce magana iska ce kawai, to, bai zauna Kaduna ba.

Amma ɗaure mutum kan magana shi ma yana da nasa tarihin, kuma ba mai daɗin ji ba ne. A shekarun 1950, kotunan En'e sun cika gidajen yari da 'yan NEPU a kan laifin zagin sarki ko yin lacca ba izini. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha shiga ta sha fita. A 1984, ƙarƙashin Doka ta 4 ta mulkin soja, aka yanke wa Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian ɗaurin shekara guda. Kowace gwamnati ta ce zaman lafiya take karewa. Sai a 2015 aka kafa dokar laifuffukan intanet, wadda sashenta na 24 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar naira miliyan 7, ga wanda ya aika saƙon da zai ɓata rai, ko na ƙarya don ya muzguna wa wani. Ku dubi faɗin wannan taru, jama'a. Wane ne cikinmu bai taɓa rubuta abin da ya ɓata wa wani rai ba?

Shekarar 2017 ita ce ta fi koya mini darasi, domin abubuwa biyu sun faru a cikinta waɗanda in ka ajiye su gefe da gefe ba ka bukatar dogon sharhi.

Na farko, a watan Janairu, lokacin da ake ta zubar da jini a ƙananan hukumomin kudancin jiha, Audu Maikori, lauya kuma mai kamfanin waƙa na Chocolate City, ya rubuta a Twitter cewa makiyaya sun kashe ɗalibai 5 na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Labarin ƙarya ne, kwalejin ta musanta. Ba na wanke shi: a irin wannan yanayi, labari irin wannan yana iya sa a tare bayin Allah a hanya a kashe su saboda kamanninsu kurum. Amma da ya gane direbansa ne ya yaudare shi, ya fito fili ya janye, ya nemi gafara. Duk da haka aka kamo shi daga Legas a watan Fabrairu, aka sake shi, aka sake kama shi a watan Maris. Ƙarshenta Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce an keta masa haƙƙi, ta ba shi diyyar naira miliyan 40, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta rage kuɗin daga baya. Luka Binniyat, ɗan jaridar da ya buga wannan labari a Vanguard, ya yi fiye da wata uku a gidan yarin Kaduna a shekarar.

Na biyu, ranar 6 ga Yuni, wasu shugabannin ƙungiyoyin matasan Arewa suka zauna a Arewa House, tsohon gidan Sardauna, gaban na'urorin ɗaukar hoto, suka ba dukkan Ibo mazauna Arewa wa'adin su tashi kafin 1 ga Oktoba. Sanarwar ta zagaye intanet cikin yini guda. Wanda ya san abin da ya faru a 1966 ya san nauyin wannan magana, haka ma 'yan kasuwar da suke da shaguna a Kakuri da unguwar Television. Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya ba da umurnin a kama su. Ba wanda aka kama. A watan Agusta suka janye wa'adin a wani taro a Abuja, da manyan mutane a gefensu.

To, ga wanda ya faɗi ƙarya ya tuba an bi shi har Legas, ga waɗanda suka ce wata ƙabila ɗungurungum ta kwashe kayanta suna yawonsu. Haka aka yi a 2002, sa'ad da mataimakin gwamnan Zamfara na lokacin ya halatta jinin 'yar jaridar nan a bainar jama'a. Gwamnatin tarayya ta ce maganar ba ta da tushe a doka, amma ba wanda ya kai shi gaban alƙali. Su ma waɗanda suka yi kisan da hannunsu a 2000 da 2002, ƙalilan ne suka ga kotu.

Akwai kuma wani abu da masu tafi ba su lura da shi ba. Yawancin zaman gidan yarin da aka yi kan rubutun intanet a jihar nan ba hukunci ba ne, jiran shari'a ne. Steven Kefas, wanda aka kamo daga Fatakwal a 2019 saboda rubuce-rubucensa kan rikicin Kajuru, kwana 162 ya yi a tsare kafin beli. Binniyat ya sake shiga a Nuwamban 2021, bai fito ba sai cikin 2022. Watau an riga an sha wahalar kafin alƙali ya ce an yi laifi ko ba a yi ba. Kotun ECOWAS ta yanke a 2020, ta maimaita a 2022, cewa sashe na 24 ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, sai a 2024 aka yi masa gyara aka taƙaita shi. Tun kafin nan kuma har an sami sanata, Aliyu Sabi Abdullahi, da ya kawo ƙudurin a rataye mai kalaman ƙiyayya idan maganarsa ta jawo asarar rai. Jama'a suka yi ca, ƙudurin bai kai labari ba.

Kada a ce na haramta ɗauri gaba ɗaya. Mutumin da ya ambaci wata al'umma, ya nuna unguwarsu, ya ce a je a kashe, wannan a wurina abokin tarayya ne cikin kisan, ko da daga kan gadonsa ya rubuta. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure Ferdinand Nahimana na gidan rediyon RTLM da Hassan Ngeze na jaridar Kangura a 2003 saboda rawar da suka taka a kisan kiyashin Ruwanda na 1994, ban kuma ga zalunci a ciki ba. Amma an kawo shaidu, an saurari kariya, sa'an nan aka yanke. Zagi kuwa, da gori, da ƙaryar da mai ita ya janye, akwai tara, akwai biyan diyya, akwai tilasta wa mutum ya ƙaryata kansa a dandalin da ya yi ɓarnar. Saurayin da ya shiga gidan yari don ya zagi wata ƙabila, da wuya ya fito yana ƙaunarta. A unguwarsu ma gwarzo zai zama. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka jagoranci matasa a ɓangarori biyu masu gaba a rikicin 1992, har Wuye ya rasa hannu, ba kurkuku ne ya sauya su ba, zama da juna ne. Sai dai in faɗi gaskiya, yarjejeniyar zaman lafiyar da suka tara malaman addini 22 suka sa wa hannu a Agustan 2002 ba ta hana rikicin Nuwamba ba.

Bara na koma Kakuri neman Baba, aka ce ya rasu, masaƙar kuma ciyawa ta cinye harabarta. A hanyar dawowa na biyo ta Barnawa. A wannan unguwa ce, cikin daren 2 ga Agusta, 2019, wasu mutane suka ɗauke Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malamin jami'a kuma mai zafin alƙalami a Twitter, yana shiga gidansa da mota. Ba a tuhume shi da komai ba, ba kotu, ba beli. Har ranar da nake wannan rubutu iyalinsa ba su san inda yake ba.