Tarihin Motar Noma Ta Fagusan Da Yadda A Ke Gyaran Famfonta

Kafin zamanin wani Bature da a ke kira Hari Fagusan, motar noma jan garma kawai ta ke yi a bayanta da sarƙa, kamar yadda shanun huɗa su ke yi. In garma ta ci karo da saiwa ko dutse, sai gaban motar ya ɗaga ta kife da direba, mutane da yawa kuwa sun halaka ta haka. Shi Fagusan an haife shi a ƙasar Ailan ta Arewa cikin 1884, ɗan manomi ne, ya san wahalar gona tun yana yaro. Ya yi shekaru yana neman dabarar da za ta sa mota da garma su zama jiki ɗaya, har cikin 1926 hukumar Ingila ta ba shi takardar shaidar cewa hikimar tasa ce.

Ga yadda dabarar ta ke. Garma tana maƙale da mota ta hannuwa 3 na ƙarfe, 2 a ƙasa, 1 a bisa. A cikin motar akwai famfo mai fistin 4, shi ke tura mai zuwa wata silinda a ƙarƙashin kujerar direba, man ya tura fistin, fistin ya ɗaga hannuwa. In garma ta shiga ƙasa mai tauri, sai hannun bisa ya danne wani sifirin, sifirin ya motsa bawul, garma ta ɗan taso da kanta. Nauyin garma da na ƙasar da ta ke juyawa kuwa a kan ƙafafun baya ya ke sauka, watau ƙaramar mota ta sami ƙarfin kama ƙasa irin na babba.

Cikin 1936 ya haɗa kai da kamfanin David Brown su ka fara ƙera ta. Cikin 1938 ya haye Amurka ya nuna wa Hanri Fod, su ka ƙulla alkawari da musafaha kaɗai, ba takarda, aka fito da Ford 9N cikin 1939. Da jikan Fod ya warware alkawarin, Fagusan ya kai ƙara, aka daidaita cikin 1952 da biyansa dala miliyan 9 da dubu 250. A Ingila kuma, a garin Kwabantiri, aka ƙera 'yar tokar nan TE20 daga 1946 zuwa 1956, fiye da dubu 500. Cikin 1953 kamfaninsa ya haɗu da na Massey-Harris. Fagusan ya rasu cikin 1960.

A ƙasarmu garmar shanu ce ta fara shigowa, wajen 1928. Bayan Yaƙin Duniya Na Biyu aka gwada noma da injuna, kamar aikin Mokwa da aka fara cikin 1949, aka nannaɗe tabarmarsa cikin 1954, domin inji ya kan yi huɗa mai faɗi, amma noman ciyawa ya fi ƙarfin hannun manoman. Tun zamanin En'e, har aka mai da ita ƙananan hukumomi cikin 1976, sayen inji bai taɓa kai riƙonsa wuya ba. Da yawa an jingine su gindin bishiya an ce sun mutu, alhali abin da ya same su bai fi aikin yini biyu ba.

To, ga abin da ya kamata bakanike ya bi. Da fari ya tabbata an sa sandar da ke juya ƙarfen baya, gama shi ke juya famfo. In ba a sa ta ba, ko kuwa an taka kuloci, hannuwa ba za su tashi ba ko da kome lafiya ya ke. Sa'an nan ya duba mai. Mai ɗaya ne ke aikin giya da ƙafafun baya da famfo, kamar galan 5. In ya ga ya yi fari kamar nono, ruwan sama ya shiga ta gindin sandar giya. Sai ya kwance kusoshin tsiyaya duka 3, ya wanke dagwalon da ya kwanta a ƙasa, ya zuba sabo, domin dagwalon nan shi ke liƙe bawul.

In har yanzu garma tana tashi tana zamewa ƙasa, sai ya buɗe murfin gefe, ya rataya kaya mai nauyi, ya leƙa, amma kada ya sa hannu inji na tafiya. In mai na ɗiga daga bisa, zobban fistin sun cinye, sai a sauke murfin bisa a sāke su. In kuwa mai na tafasa daga ƙasa, bawul ɗin tsaro ne ke yoyo. In duk waɗannan lafiya, amma ɗagawa ba ƙarfi, to famfo ne ya tsufa, sai a zare ƙarfen baya a sauko da shi ta ƙarƙashi. Ko ƙwayar rairayi kada ta taɓa kayan ciki, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin garmar da mai kaɗai ke riƙe da ita.

Masu iya magana sun ce, rigakafi ya fi magani. Motar hukuma da kuɗin harajin talakawa aka saye ta, in ta kwana a garejin gyara ran da ruwan shuka ya sauka, su ne za su ji a rumbunsu. Saboda haka wanda duk aka danƙa wa irin wannan amana, ya sa a ajiye ta a inuwa, a sāke mata mai kan lokaci, a rubuta ranar cikin littafi. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.