Yadda ake binciken gurɓatar ruwan ƙasa sakamakon yoyon tankunan mai

Kusan kowane gidan mai yana ajiye fetur da dizal a manyan tankunan da aka binne a ƙasa. Idan tankin ƙarfe ya tsufa ya yi tsatsa, ko mahaɗar bututunsa ta tsage, man yakan yi ta tsiyaya shekara da shekaru ba wanda ya lura. Da yake fetur bai kai ruwa nauyi ba, yakan ratsa ƙasa ya kwanta a saman ruwan da rijiyoyi ke sha daga gare shi, wani ɓangarensa kuma ya narke ya bi ruwan duk inda ya nufa.

Mafi haɗari cikin abubuwan da ke narkewa shi ne sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada ya wuce maikurogiram 10 a kowace lita ta ruwan sha. Adadi kaɗan irin wannan ba ya canza launin ruwa, sai gwaji ne kawai ke nuna shi.

Matakan bincike

Masu bincike sukan fara da littafin gidan man. Ana kwatanta litar da tanka ta sauke da wadda aka sayar da wadda ta rage a tanki. Giɓin da ke maimaituwa kullum alama ce ta yoyo. Daga nan sai a rufe tanki da bututunsa a gwada ko suna riƙe matsi.

Mataki na biyu shi ne haƙa ramukan gwaji kewaye da wurin don ɗibar samfurin ƙasa da na ruwa. Ana buƙatar aƙalla rijiyoyin sa ido uku, domin tsayin ruwan da ke cikinsu ne ke nuna ɓangaren da ruwan ƙasa ke gangarawa. Da haka ake zana iyakar gurɓatar, a san gidajen da ke kan hanyarta.

Na uku shi ne ɗakin gwaje-gwaje, inda ake tantance ko fetur ne, ko dizal, ko kananzir. Sinadaran da aka ƙara wa man, kamar dalma a tsohon fetur, sukan taimaka wajen gano zamanin da ya zuba. Wannan matakin ne ke raba gardama a unguwar da gidajen mai suka yi yawa, kowa na ɗora wa maƙwabcinsa laifi.

Darasin Santa Monika

A 1996 birnin Santa Monika da ke jihar Kalifoniya ta Amurka ya rufe rijiyoyin da ke samar da kusan rabin ruwan shansa, bayan an gano sinadarin MTBE a ciki. Ana zuba wannan sinadari ne a fetur don rage hayaƙi, amma yana saurin narkewa a ruwa, yana kuma tafiya nesa fiye da benzin. Bincike ya danganta shi da tankuna da bututun mai na yankin. A 2003 manyan kamfanoni, ciki har da Shell da ExxonMobil, suka amince su ɗauki nauyin tsaftace ruwan. Duk da haka sai da aka shafe fiye da shekara goma kafin rijiyoyin su dawo aiki.

Amurka ta sanya tankunan ƙarƙashin ƙasa cikin dokar tarayya tun 1984. A 1986 ta kafa asusun tsaftacewa da harajin man fetur, a 1988 kuma ta ba masu tsofaffin tankuna wa'adin Disamban 1998 su gyara, su sauya, ko su rufe. An tabbatar da yoyo fiye da dubu 500 a ƙasar.

Halin da ake ciki a Najeriya

A Najeriya, inda gidaje da yawa suka dogara da rijiya da burtsatse, hukumar NMDPRA, wadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa, ita ke ba gidajen mai lasisi. NOSDRA kuwa, da aka kafa a 2006, ita ke lura da malalar mai. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 ya nuna irin ɓarnar da tataccen mai ke yi: a Nisisioken Ogale, kusa da wani bututun mai, an samu benzin a ruwan rijiya ya ninka ma'aunin duniya fiye da sau 900.

Tafasa ruwan da ke warin fetur ba ya sa a amince da shi, hasali ma tururinsa na ɗauke da benzin. Abin yi shi ne a daina sha, a kai rahoto a rubuce ga hukuma, a nemi a ɗebi samfur a gaban shaidu, a kuma karɓi kwafin sakamakon. Da wannan takarda ce al'umma ke iya neman a tono tankin, a tsaftace ƙasa, a biya diyya.